Mutanen Bayan Ƙyalle

Ranar Lahadi ce, rana ta take. Sufeto Belisario Cuéllar yana zaune a caji ofis ya tuɓe takalmi yana fifita da hularsa, sai ga Saje Tiburcio ya faɗo ciki yana haki.

"Yallaɓai, an kashe Don Anacleto mai gidan majigi."

"A ina?"

"A ɗakinsa na cikin majigin, ana tsaka da kallo. Mutumin kejin nan ne. Duk gari ya ce shi ne."

"Duk gari ya gani, ko duk gari ya ce?"

Saje ya share gumi. "To, ya dai ce."

Sufeto bai tambayi wane mutum ba, don duk Puerto Amparo babu wanda bai san mutumin keji ba. Tun farkon mako Don Anacleto ya ɗora kejin ƙarfe a kan keken alfadari, ya sa Nicanor Mina a ciki da rigar fursuna mai zane-zane, ana zagaya gari da shi da ganga. Shi kuma yana gaba da bututun kwali a baki yana shela: "Ku zo ku ga Fursunan Tsibirin Gishiri! Ga shi nan da ransa, wanda ya fasa kan mai gadinsa!"

Tallar sabon fim ce, kuma ta ci. Yara na jifan kejin da ƙwallon mangwaro, mata na tofa yawu, Nicanor na girgiza ƙarafa yana gurnani yadda aka koya masa. Ɗan dako ne a bakin kogi, ya taɓa zaman gidan yari kan dambe a mashaya, iyakar tarihinsa ke nan. Amma an yi mako guda ana gaya wa gari mai kisan kai ne, gari kuwa ya haddace. Allah ya jiƙan Anacleto, amma mutum ne da zai yanka tikiti a jana'izar uwarsa in ya ga alamar 'yan kallo.

Kafin su isa, titi ya cika maƙil. Masunta da 'yan dako da matan kasuwa, wasu da adduna, wasu da duwatsu, ana ta kiran a fito da shi. Da kyar suka kutsa, wani kurtu ya buɗe musu, Saje ya mayar da sakata da sauri.

"Shiga dai mun shiga, Yallaɓai," in ji Saje. "Fita ce ban ga hanyarta ba."

Gidan majigin tsohon sito ne na ganyen taba, dogo, rufin kwano, babu taga ko ɗaya. A lokacin fim bai iya magana ba tukuna, sai hoto da rubutu da kiɗan piyano. Farin ƙyallen da ake haska hoton a kai a tsakiyar zauren yake ɗaure, ya raba shi biyu. Masu hali suna zama a gaba kan kujeru. Talakawa ta ƙofar lungu suke shiga, su zauna a bayan ƙyallen kan benci da rabin kuɗi, hoton yana ratsowa gare su a juye. In rubutu ya fito, mai karatu a cikinsu ya ɗaga guntun madubi ya karanta wa saura. Sufeto ya san bencin nan sarai, a kansa ya yi samartakarsa lokacin yana dakon buhunan kofi.

Zafin ciki ya fi na waje. Wani ya jefa dutse kan rufin, ƙarar ta bi kwanon tun daga wannan ƙarshe har wancan.

Ɗakin Don Anacleto a ɓangaren baya yake, a kusurwa, dab da ƙofar lungu. Shi kuwa yana kwance rub da ciki tsakanin tebur da bango, ƙeyarsa a fashe. Kusa da shi ga hannun ƙarfe na na'urar ɗaukar hoto, wanda ake juyawa, ya yi jina-jina. A kan teburin akwai ƙaramin gwangwanin fim a buɗe, babu komai a ciki.

Sufeto ya tsuguna ya ɓanɓare yatsun gawar. Guntun zaren fim ne a damƙe, bai fi tsawon tafin hannu ba, an fizge sauran. Ya ɗaga shi saitin fitila. Bakin kogi ne, wajen duwatsun wanki. Wani mutum da farar kwat ya durƙusa, ya ba da baya, wata tsohuwa ta ɗora hannu a kansa.

"Wane ne?" Saje ya leƙo.

"Farar kwat."

"Kai, rabin masu kujera ke nan."

Sufeto ya sa guntun a aljihu.

Kejin yana nan jingine da bango a ɓangaren baya. Nicanor na ciki a tsugune, ya riƙe ƙofar da hannu biyu ya ja ta ciki, kamar wani zai ƙwace masa ita.

"Saki ƙofar, Nicanor."

"A'a, Yallaɓai. Nan ya fi mini."

"Ina makullin kwaɗon?"

"Babu makulli. Kwaɗon na bogi ne, ko yaro ya ja zai buɗe. Don Anacleto ya ce idon mutane kawai ake so ya gani."

"Ka fita lokacin da ake kallo?"

"Ban fita ba. Na rantse da Allah ko ƙafa ban sauke ba."

"Me ya jiƙa maka gaban riga?"

"Gumi ne."

Sufeto ya matsa ya shinshina. "Tun yaushe guminka ya fara ƙanshin mazarƙwaila da lemun tsami?"

Nicanor ya sunkuyar da kai.

"Ƙishirwa ce, Yallaɓai. Tun safe nake cikin ƙarfen nan. Da aka zo wajen da fursuna zai tsere, kowa ya zuba wa ƙyalle ido, sai na sulale waje na sha kofi ɗaya wajen mai sayarwa. Don Anacleto ya ce in na kuskura aka gan ni a waje zai kore ni, shi ya sa na ɓoye."

"Da ka dawo fa?"

"A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da wani yana fita. Farar kwat. Duhu ne, ban ga fuska ba. Ko da na gani ma, wa zai yarda da ni? Ni ne fa wanda ya fasa kan mai gadinsa."

Sufeto ya sa Saje ya miƙa masa ruwa ta tsakanin ƙarafa. Nicanor ya saki ƙofar da hannu ɗaya ya karɓa, da hagu.

"Ka gani ko, Sufeto? Bahago ne."

Muryar daga gefen ƙyallen ta fito. Don Fulgencio Arbeláez ne, lauyan gari, wanda aka sa ranar aurensa da 'yar magajin gari. Yana tsaye daidai inda ƙyallen ya ƙare, ƙafafunsa a ɓangaren gaba, wuyansa kawai ya miƙo. Kowa a zauren ya tuɓe abin da zai iya tuɓewa, shi kuwa kwat ɗinsa a rufe take har wuya.

"Don Fulgencio, me ya tsayar da kai? Kowa ya gudu."

"Wani ya kamata ya tsaya a matsayin shaida. Kuma surukina ya aiko ta bakin kurtunku. Jirgin ruwan yamma zai tashi kafin faɗuwar rana. A sa mutumin nan a ciki a kai shi kurkukun daji, shari'a ta bi shi can. In ba haka ba mutanen nan za su cinna wa siton nan wuta, duk muna ciki."

Sufeto ya raka mutane da yawa jirgin nan, bai taɓa tarbar ko ɗaya ya dawo ba. Ƙofa biyu ce a gidan, kuma ko ta wacce Nicanor ya fita, mutuwa ce ke jiransa.

"Me ya sa ka tabbata shi ne, ranka ya daɗe?"

"Saboda fim ɗin ya kwaikwaya, tiryan-tiryan. Ka ga labarin, wani matuƙin jirgi ne aka yi wa sharri aka kai shi tsibiri yana fasa gishiri, matarsa na jiransa da fitila a bakin teku. Ana nan sai ya samu mai gadi ya juya baya." Lauya ya gyara tsayuwa kamar yana gaban alƙali. "Ya lallaɓo, ya ɗaga guduma da hannun hagu, haka, ya sauke masa a ƙeya. Irin waɗannan mutanen ba sa bambance hoto da gaskiya. Ya ga bahago ɗan'uwansa ya yi, shi ma ya tashi ya yi."

"Da idonka ka ga wurin?"

"Daga kujerata, layin farko, inda nake zama kullum. Ban motsa ba daga farko har ƙarshe."

"Ba wani daga baya ne ya ba ka labari ba?"

Lauya ya dube shi sheƙeƙe. "Sufeto, ni ba na hira da mutanen bayan ƙyalle."

Saje ya yi tari. Duk garin an san daga wane ɓangare Sufeto ya fito. Maganar ta soke shi, ya ji ta har cikin ƙashi, amma ya haɗiye.

Mai juya na'urar haska fim, Crisanto, yana can ƙarshen ɓangaren gaba cikin wani ɗan akurki na katako da aka ɗaga sama. Da hannu ake juya na'urar, in ya saki fim ya tsaya, don haka kowa shaida ne bai bar wurin ba. Sufeto ya hau tsanin ya nuna masa gwangwanin.

"Mene ne a cikin wannan?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Ni juyawa kawai nake yi."

"Wa ke wanke masa hotunan da yake ɗauka?"

Crisanto ya dubi bango.

"Kalli yatsunka, Crisanto, maganin wankin hoto ya rina su. Kada ka ɓata mini lokaci, rana na tafiya."

"Ni ne," ya ce a hankali. "Tallar mako mai zuwa ce. Ya ɓoye na'urar ɗaukar hoto cikin kwando ya bi gari yana ɗaukar mutane ba su sani ba. Ya ce zai rubuta a bango, ku zo ku ga kanku, ku ga asirin maƙwabcinku. Na ce masa wannan abu zai jawo rigima. Ya ce rigima ita ke cika kujeru."

"Asirin wa ya kama?"

"Wannan naɗin shi ya wanke da kansa, bai bar ni na gani ba. Sai dariya yake ta yi, yana cewa ya riga ya gayyaci mai hoton ya zo ya zauna a gaba."

"Yaushe ka ga Anacleto ƙarshe?"

"Yakan tsaya nan ƙarƙashina har fim ya yi nisa. Ya tafi ɗakinsa ana gab da wajen tserewa, wajen da fursuna ke yin haka." Crisanto ya ɗaga hannu sama ya sauke kamar mai sara.

Sufeto ya tsaya cak yana kallon hannun.

"Sake yi."

Crisanto ya sake. Hannun dama ne.

"Ka taɓa haska fim ɗin nan a garin nan kafin yau?"

"Jiya ya iso a jirgi. Ni kaina yau na fara gani."

"Nemo mini naɗin da wurin yake. Ka ɗora, ka jira ni."

Yana saukowa jirgi ya yi kukan farko daga bakin kogi. Jama'a suka amsa da ihu, aka fara dukan ƙofar gaba da wani abu mai nauyi. Sufeto ya zagaya baya. Saura mutum ɗaya bai tambaya ba.

Tsohuwa ce a kan bencin farko, dab da ƙyallen, ta naɗe hannuwa a cinya. Misia Casilda mai wanki. Tun Sufeto yana yaro take wanki a duwatsun kogi, har rigar da ya sa ranar da ya shiga aikin ɗan sanda ita ta goge. Ya zauna kusa da ita ya cire hula.

"Inna Casilda, ba ki tafi gida ba?"

"Ƙafafuna sun ƙi, Belisario."

"Wurin zamanki yana kallon ƙofar ɗakin can. Wa kika ga ya shiga?"

"Ban ga kowa ba. Idona ya mutu."

"Mai mataccen ido take zuwa kallo duk Lahadi?"

Sufeto ya bi inda idonta yake. Ba ƙyallen take kallo ba, ƙasansa take kallo. Ƙyallen bai kai daɓe ba, akwai ɗan fili kamar taƙi guda, ta nan ana hango ƙafafun kujerun layin farko na ɓangaren gaba. Wanda ya zauna a wurinta, takalman mutum ɗaya zai riƙa gani.

Ya ciro guntun fim ɗin ya ɗora mata a tafin hannu.

"Wannan ɗankwalinki ne, Inna. Wa ke neman albarkarki a bakin kogi da sassafe?"

"Masu kawo wanki suna da yawa."

"Masu kawo wanki ba sa durƙusawa. Ina ɗanki da aka ce kin tura karatu Bogotá?"

"Ya mutu."

"Yaushe?"

"Ya mutu, na ce maka."

Sufeto ya nuna mata kejin da haɓa. "Kin san Nicanor. Shi ke ɗaukar miki ƙunshin wanki in kogi ya cika. Kafin rana ta faɗi za a sa shi a jirgi, kuma kin san ba ya dawowa."

Tsohuwa ta rufe ido, hawaye suka gangaro, amma ta girgiza kai. Tausayinta ya kama shi, haushinta ma ya kama shi, ya rasa wanda zai bi. Ya karɓi guntun ya tashi.

"Don Fulgencio, zo ka taimaka mini da wani abu kafin in miƙa Nicanor. Zauna a kujerarka."

Lauya ya zauna yana duba agogon aljihu. Sufeto ya ɗaga wa Crisanto hannu, Saje ya rage fitilu. Na'ura ta fara ƙara, haske ya faɗa kan ƙyallen. Babu piyano, mai kiɗan ta gudu tun ɗazu, sai ƙarar na'ura da dukan ƙofa. Ga filin gishiri fari fat, ga mai gadi ya juya baya yana kunna taba, ga fursuna ya lallaɓo. Ya ɗaga guduma.

"Wane hannu ne wannan, ranka ya daɗe?"

Lauya ya zuba wa ƙyallen ido.

"Saje, wane hannu ne?"

"Na cin abinci, Yallaɓai. Dama ce."

"Kuskuren ido ne," in ji lauya. "Cikin duhu, ga zafi, kowa na iya..."

"Kowa na iya yi, gaskiya ne. Ni na yi shekaru ina yin sa. Da ina saurayi na ɗauka duk jaruman ƙasar Turawa bahagwai ne, da hagu suke riƙe takobi, da hagu suke gaisawa. Sai ranar da na sa kakin nan na zauna a gaba, na ga duk sun koma na dama. Taso ka gani. Crisanto, mayar da shi baya."

"Ba na shiga can."

"Ka shiga ɗazu."

Sufeto ya kama shi a damtse, ya zagaya da shi gefen ƙyallen. Suka tsaya a bakin ƙofar lungu, inda mutum zai raɓe in yana jiran wani ya shiga ɗaki. Hoto ya sake fitowa. Fursuna ya lallaɓo daga ɗaya gefen, ya ɗaga guduma da hannun hagu.

"Daga nan ka gani," in ji Sufeto. "Ka fita ta gaba cikin duhu, ka biyo lungu, ka tsaya nan kana jiran Anacleto. Idonka ya faɗa kan ƙyalle, abin da ka gani ya zauna maka. Da ka koma kujerarka wurin ya riga ya wuce. Saje, ƙaro fitila. Ranka ya daɗe, cire kwat ɗin nan, zafi zai kashe ka."

Lauya ya rungume ƙirjinsa da hannu biyu. Saje ya matso.

"Ni ce."

Duk suka juya. Misia Casilda ta miƙe, tana dafe da benci.

"Ni na kashe shi, Belisario. Ya ɗauki hotona ba da izinina ba, na bi shi ɗaki na buga masa ƙarfe. Ka sa ni a jirgin. Lauyan nan kuwa ban san shi ba, ku ƙyale shi ya tafi."

Ta miƙo hannuwanta don a sa ankwa. Yatsun duk sun kanannaɗe da ciwon sanyi, ruwan kogi ya cinye su, ko cokali da kyar suke riƙewa. Ba ta dubi lauya ba ko sau ɗaya. Ko yanzu takalmansa take kallo.

Don Fulgencio ya dubi hannuwan nan, ya daɗe yana dubansu.

"Inna, ya isa."

"Ban san ka ba, ranka ya daɗe."

"Ya isa, Inna. Zauna."

Ya ɓalle maɓallan da kansa. Naɗin fim ya faɗo daga cikin kwat ɗin ya gangara kan daɓe yana warwarewa. Gaban farar rigarsa ta ciki duk ɗigon jini ne.

"Roƙonsa na je yi," ya ce, muryarsa ta koma ta wani mutum daban. "Na ce ya ba ni, ko ya ƙona a gabana. Sai ya yi dariya. Ya ce har ya tsara rubutun, na farko zai ce ga lauya da mai wankinsa, a bar mutane su yi ta dariya, na biyu ya ce uwarsa ce. Ya ce surukina zai zauna a layin farko. Ni kuwa na gaya musu iyayena masu gonar kofi ne, sun mutu a yaƙi. Da hannuwan nan ta biya karatuna, ita ta ce in faɗi haka, ni kuma na faɗa, na ji daɗin faɗa. Na kama naɗin, ya riƙe, ya juya zai kira mutane. Ƙarfen yana kan tebur."

"Nicanor fa?"

Lauya ya dubi kejin, karon farko.

"Na gan shi a ƙofa da rigar nan. Na ce a raina, an riga an gama masa shari'a tun farkon mako." Ya sauke kai. "Tun da na sa kwat ɗin nan ban yi numfashi mai daɗi ba, Sufeto. Ku tafi da ni."

Saje ya ciro ankwa. Lauya ya ɗaga masa hannu ya dakata, ya taka zuwa gaban tsohuwar, ya durƙusa a kan daɓen da ya cika da ɓawon gyaɗa da guntayen taba.

"Inna, sa mini albarka."

Ta ɗora hannu a kansa ta yi masa alamar gicciye. Saje, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya tsaya da ankwa a hannu yana kallon rufi har suka gama.

Jirgi ya yi kuka na biyu. Sufeto ya ɗauki bututun kwalin Anacleto daga kan tebur.

"Ta wace ƙofa, Yallaɓai?"

"Ta lungu," in ji lauya, kafin Sufeto ya amsa.

Saje ya zare sakata. Hasken yamma ya shigo tare da ihu, Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa ya sa bututun a baki.

"Ku saurara. Kwaɗon kejin na bogi ne, labarin ma na bogi ne, talla aka yi muku. Nicanor bai taɓa kashe ko kaza ba. Ga wanda ya yi, ya amsa da bakinsa. Ku ba da hanya."

Da suka ga farar kwat da ankwa, ihun ya mutu daga gaba zuwa baya. Masu duwatsu suka riƙa sakinsu a ɓoye kusa da ƙafa. Aka dare, Saje da kurtu suka wuce da shi.

Sufeto ya koma ciki. Nicanor yana nan yadda yake, riƙe da ƙofar keji.

"Fito, an gama."

"Hannuna ya ƙi saki, Yallaɓai."

Sai da Sufeto ya ɓanɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya sauko yana tangaɗi, ya tuɓe rigar mai zane-zane ya jefa cikin kejin. Har ya kai ƙofa ya waiwayo. Misia Casilda ta koma wurin zamanta, tana kallon ƙasan ƙyallen, inda babu takalmin kowa.

Ya dawo ya tsaya a kanta ya miƙa mata hannu.

"Da na bari an tafi da kai, Nicanor," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na sani, Inna. Taso in kai ki gida."